Wanda aka yi wa baftisma yana jariri, sai an sake nutsar da shi?

Malama Rifkatu, Samaru: Salama a gare ku iyayena da 'yan'uwa. Ga wata magana da ke tasowa kusan duk shekara in lokacin ajin baftisma ya zo. Yarinya ce aka haifa a gidan Anglican a Wusasa, aka yi mata baftisma tana da wata uku, ta girma bishop ya ɗora mata hannu a tabbatarwa, tana cin Jibin Ubangiji. Aure ya kai ta ikilisiyar da ke nutsarwa, sai dattawa suka ce ta shiga aji a yi mata baftisma kafin a rubuta ta cikin membobi. Iyayenta suna ganin an raina abin da aka yi mata, dangin miji suna ganin ai ba a taɓa yi mata ba. Mene ne baftisma take yi wa mutum, har ake wannan ja-in-ja?

Rabaran Ishaku, Basawa: Malama, sannu da ƙoƙari. Bari mu fara daga inda babu gardama. Ubangiji da kansa ya umarta a Matiyu 28:19, a almajirtar da al'ummai ana yi musu baftisma da sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Ma'anarta kuwa Bulus ya shimfiɗa ta a Romawa 6:3-4. An binne mu tare da Almasihu cikin mutuwarsa, domin yadda aka tashe shi mu ma mu yi sabuwar rayuwa. To ku lura da kalmar binnewa. Ba a binne mai rai. Sai mutum ya ji bishara, ya tuba, ya ba da gaskiya, wato tsohon mutum ya mutu, sannan a kai shi kabari, ruwan nan shi ne kabarin. Jerin da ke Ayyukan Manzanni 2:41 ke nan: waɗanda suka karɓi maganar Bitrus su aka yi wa baftisma, mutum wajen 3000. Karɓa ta riga ruwa. Jariri ɗan wata uku bai karɓi komai ba, bai ƙi komai ba. Shi ya sa mu miƙa yara muke yi da addu'a, mu jira su yi wayo su buɗe baki da kansu. Don haka a wurinmu ba sakewa ake yi wa yarinyar ba, ta farko ce.

Katikis Yohanna, Wusasa: Ranka ya daɗe Rabaran, wannan jimla taka ta ƙarshe ita ce ke sosa wa iyayen rai, kuma a nan gizo ke saƙar. Kai kana kallon baftisma a matsayin shaidar da mutum yake bayarwa ga Allah a gaban jama'a. Mu muna kallonta a matsayin hatimin da Allah yake bugawa a kan mutum. In shaidar mutum ce, lallai sai mai baki. In hatimin Allah ne, wa ya ce sai ka iya magana? Ɗan Ibrahim kwana takwas ake yi masa kaciya, bai san alkawari ba amma alamar alkawari tana jikinsa, kuma Bulus ya haɗa kaciya da baftisma wuri guda a Kolosiyawa 2:11-12. Bitrus a ranar Fentikos ya ce alkawarin naku ne da 'ya'yanku. Lidiya an yi mata da mutanen gidanta, mai tsaron kurkukun Filibi shi da dukan nasa cikin daren nan, gidan Istifanas haka. Bahaushe ya san abin da ake nufi da gida. In an ce an gayyaci gidan wane, ba a cire na goye.

Rabaran Ishaku: Baba Katikis, a karanta ayar da ke gaban ta mai tsaron kurkukun. An faɗa masa maganar Ubangiji shi da duk waɗanda ke gidansa, sannan suka yi farin ciki saboda bangaskiya. Na goye ba ya sauraron wa'azi. Babu aya ɗaya da ta ambaci jariri a cikin ruwa.

Katikis Yohanna: Haka ne. Babu kuma aya ɗaya da ta nuna ɗan gidan masu bi da aka bari sai da ya girma sannan aka yi masa. Shirun ya shafe mu duka.

Malam Bitrus, Kongo: Tun da an kai ga shiru, a bar tarihi ya ɗan sa baki, ko da yake ba shi ne alƙali ba. Wajen shekara ta 200, Tartuliyan na Kartaj a Afirka ta Arewa ya rubuta cewa ya fi kyau a jinkirta wa ƙananan yara har su san Almasihu. Masu nutsarwa suna son wannan magana, amma su lura, ba ka hana abin da ba a yi. Ke nan ana yi wa yara tun a lokacin. Bayan kamar shekara hamsin, a garin dai, Bishop Sifiriyan da bishop 66 suka zauna kan tambayar ko sai jariri ya kwana takwas kamar kaciya, suka ce ba sai an jira ba. A ɗaya ɓangaren kuma, a ƙarni na huɗu akwai manyan malamai 'ya'yan Kirista da ba a yi musu ba sai da suka girma. Agustin kansa, uwarsa Monika mai bi ce, amma sai a 387 Amburos ya yi masa baftisma a Milan, yana da shekara 32.

Maganar sakewa ita ce ta fi zafi. Sifiriyan ya ce wanda 'yan bidi'a suka yi wa baftisma a sake masa, Istifanas bishop na Roma ya ce a'a, a ɗora masa hannu kawai. Ra'ayin Roma ne ya yi rinjaye, kuma Agustin ya ƙarfafa shi a rigimarsa da 'yan Donatus, masu sake wa mutane baftisma: baftisma ta Almasihu ce, ba ta mai yi ba, ko hannun da ya zuba ruwan na mai zunubi ne. Shi ya sa a Shaidar Bangaskiya ta Nisiya, yadda aka kammala ta a 381, ake furta baftisma ɗaya domin gafarar zunubai. Sai a Janairun 1525 a Zurik wasu suka yi wa junansu baftisma suna manya, aka laƙaba musu suna masu sake baftisma. Bayan shekara biyu hukumar garin ta nutsar da ɗayansu, Felix Manz, a kogin Limmat har ya mutu. Ina kawo wannan ne don mu san wannan gardama ta taɓa cin rai, kada a ɗauke ta wasan surukai.

Iliya, Palladan: Iyayena a yi haƙuri da ƙaramin cikinku. Ni abin da ya ɗaure mini kai, baftisma tana ceto ko ba ta ceto? Markus 16:16 kamar ya ce tana yi, 1 Bitrus 3:21 ma haka.

Rabaran Ishaku: Iliya, ka karanta rabin ayar Markus na biyu. Wanda za a hukunta shi ne wanda ya ƙi ba da gaskiya, ba a ce wanda ba a yi wa baftisma ba. Bitrus kuma da ya kawo misalin mutum takwas a jirgin Nuhu, nan take ya toshe ƙofar kuskure, ya ce ba wanke dauɗar jiki yake nufi ba, lamiri ne mai tsabta a gaban Allah ta wurin tashin Yesu Almasihu. Ɓarawon da ke kan gicciye bai ga ruwa ba, aka ce masa yau za ka kasance tare da ni a Firdausi. Siman mai sihiri a Samariya ya shiga ruwa, Bitrus ya ce masa zuciyarka ba daidai take da Allah ba. Ɗaya ya tsira ba ruwa, ɗaya ya jiƙe a banza. Karniliyus da mutanensa Ruhu ya sauko musu tukuna, sannan Bitrus ya ce wa zai hana ruwa. Ceto ta wurin alheri ne, ta bangaskiya. Amma kada wani ya fake da ɓarawon nan ya yi shekara goma a benci yana kauce wa aji. Shi an kafe masa hannu da ƙafa, kai me ya riƙe ka?

Katikis Mika'ilu, Sabon Gari: Salama. Mu Katolika ba za mu tsaya a inda Rabaran ya tsaya ba. A wurinmu sakramenti ce, wato alama da take aikata abin da take nunawa, domin Almasihu ne mai aikin. Tana kawar da zunubin asali da duk zunuban da babba ya yi kafin ranar, tana mai da mutum ɗan Allah da gaɓar ikilisiya, tana barin tambari a ruhu wanda ba ya gogewa, shi ya sa ba a maimaita ta. Hujjarmu maganar Yesu ga Nikodimu kan haihuwa ta ruwa da Ruhu, da Titus 3:5 kan wankan sabuwar haihuwa, da abin da Hananiya ya ce wa Shawulu, tashi a yi maka baftisma a wanke zunubanka kana kira ga sunansa. Ɓarawon kan gicciye bai kayar da wannan ba. Mun san baftismar jini ga wanda aka kashe saboda bangaskiya kafin a yi masa, da baftismar marmari ga wanda ya so amma mutuwa ta riga shi. Allah ya ɗaure mu da sakramenti, shi bai ɗauru ba.

Abu uku ne ke sa ta inganta. Ruwa na gaske, ba mai ba, ba madara ba, ba lemo ba. Kalmomin daidai: wane, ina yi maka baftisma da sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Sai niyyar yin abin da ikilisiya take yi. Kuma mai zuba ruwan shi ne zai furta kalmomin, a lokaci guda, ruwan ya gudana a kan fatar kai sau uku. In wani ya zuba wani ya yi magana, an ɓata. A 2020 Batikan ta yanke cewa wanda ya ce muna yi maka maimakon ina yi maka, baftismar ba ta yiwu ba, har aka sami Fada a Amurka da ya gano tasa haka aka yi, dole aka yi masa daga farko, aka sake naɗa shi. Sauran abubuwa, man katikumen, wato na masu shirin baftisma, a ƙirji, tsarkakakken man da ake kira kirisma a kai, farin tufa, kyandir da ake kunnawa daga na Ista, duk suna bayyana ma'ana ne, ba su ne ginshiƙi ba. Saboda haka yarinyar Malama Rifkatu in wurinmu ta zo da katinta na Anglican, ba za mu sake mata ba.

Iliya: To masu yi da sunan Yesu kaɗai fa? Suna kafa hujja da Ayyukan Manzanni 2:38.

Malam Bitrus: Luka, marubucin Ayyukan Manzanni, yana bambanta baftismar Kirista ne da ta Yohanna, ba lafazin da ake furtawa a bakin ruwa yake rubutawa ba. Duba sura 19 ta littafin. Bulus ya tarar da mutum wajen goma sha biyu a Afisa, suka ce ba su ma taɓa jin akwai Ruhu Mai Tsarki ba, sai ya tambaye su to wace baftisma aka yi muku? Tambayar tana nuna yana sa ran duk wanda aka yi wa ta Kirista ya ji sunan Ruhu. Nan ne kaɗai a Sabon Alkawari aka sake sa mutane a ruwa, kuma dalilin shi ne ta farkon ta Yohanna ce, ta tuba da jiran mai zuwa. Yawancin ikilisiyoyi, masu zubawa da masu nutsarwa, ba sa karɓar wadda ba a ambaci sunaye ukun ba.

Rabaran Ishaku: A kan wannan bakinmu ɗaya. Amma a kan yawan ruwa ban sauka ba. Kalmar Girkanci baptizo tsomawa take nufi. Yohanna ya zaɓi Ainon kusa da Salim domin akwai ruwa da yawa a can. Filibus da mutumin Habasha su biyu suka gangara cikin ruwan suka fito. In moɗa ɗaya ta isa, ai matafiyin da ya ratso hamada da karusa ba ya rasa salka.

Katikis Yohanna: Salkar nan ta Rabaran tana da nauyi, na yarda. Sai dai a Luka 11:38 kalmar ce dai aka yi amfani da ita da Bafarisiye ya yi mamakin Yesu bai yi wanki ba kafin cin abinci, kuma ba wanda ke tsammanin baƙo zai yi nutso kafin ya sa hannu a akushi. Sannan tsohon littafin koyarwar nan da ake kira Didake, na wajen ƙarshen ƙarni na farko, ya jera abin dalla-dalla: a yi a ruwa mai gudu, in babu a yi a wani ruwan, in ba a iya da mai sanyi ba a yi da mai ɗumi, in duka babu a zuba a kai sau uku. Har ya ce mai yi da wanda za a yi wa su yi azumi kafin ranar. Ka ga nutsarwa ce zaɓin farko, zubawa kuma halal ce. Littafin addu'armu ma tsomawa ya fara ambata. Mutumin Zariya da ya san yadda famfo ke ƙafewa a watan Maris bai kamata ya yi wa wannan sassauci dariya ba.

Malam Dauda, Hanwa: Ku masu nutsarwa sau ɗaya ta baya ma kada ku ɗauka ku kaɗai ne a rafi. Mu a EYN, wato Ikilisiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, mutum durƙusawa yake yi a cikin ruwa, ruwan ya kai masa ƙirji, a tsoma shi ta gaba sau uku, ɗaya ga kowane suna, sannan a ɗora masa hannu a yi addu'a yana nan a durƙushe. Ta fuskar aiki ma ya fi sauƙi, ruwa kaɗan yake buƙata, kuma mai jiki ba ya rinjayar fasto.

Dattijo Ayuba, Shika: Tun da an gangaro rafi, bari in yi maganar da malaman tauhidi ba sa yi, don kuskure a nan ba a gyara shi da aya. Kogin Kubanni da na Galma ba ruwan wasa ba ne a Agusta da Satumba. Wurin da ya kai gwiwa ranar Laraba yana iya shanye mutum ranar Asabar in an yi ruwa a sama, ko da nan gari ko ɗigo ba a gani ba. A je a duba wurin da jajibere, a sake dubawa da safiyar ranar. Samari biyu su shiga da sanda su taka ƙasan taku-taku, suna neman rami, laka mai riƙe ƙafa, da fasassun kwalabe. Yashi ko tsakuwa ake so. Zurfin da ya dace daga cibiya zuwa ƙasan ƙirjin babban mutum, wajen mita ɗaya. Mutane suna ɗauka ruwa kaɗan ya fi aminci, alhali shi ne ke karya bayan fasto, don ruwan ne ke ɗaukar nauyin mutum, in bai kai ƙugu ba kai za ka ɗaga shi da ƙarfinka. A kafa sanda a inda za a tsaya, a sa masu iya iyo biyu ta ɓangaren da ruwa ke gangarawa, ɗaya kuma a baki yana miƙa hannu.

Tsayuwa kuma, a kwantar da mutum kansa na fuskantar inda ruwa ke fitowa, domin ruwan ya bi daga kai zuwa ƙafa. In aka juya, ruwa zai tura cikin hanci, ya kuma yaye tufa. Shi mai karɓa ya toshe hanci da hannu ɗaya, ɗaya hannun ya riƙe wuyan hannunsa. Fasto ya kama nan, ɗaya hannun a tsakanin kafaɗu, ba a ƙeya ba. Ya gama furta kalmomin tukuna, mutum ya ja numfashi, ya lanƙwasa gwiwa kamar zai zauna a kujera, sannan a kwantar. Wanda ya sandare ƙafafu, su ne ke tashi sama ya firgita ya rungumo fasto su tafi tare. Duk wannan a gwada shi a tudu tun a aji, ba a fafe gora ranar tafiya. Daƙiƙa ɗaya ta isa. Riƙe mutum a ƙasa wai don zunubi ya fita jahilci ne.

Nas Hannatu, Tudun Wada: Baba Dattijo ya manta da abokin da ba a gani. Kududdufi, bakin dam da duk ruwan da ke kwance mai ciyawa gidan katantanwar tsargiya ne. Ƙwayar ta fata take shiga, ba sai an sha ba, kuma ta fi yawo a ruwa da tsakar rana, daidai lokacin da ake so saboda ɗumi. Fasto da mataimakansa da ke tsaye awa guda a ciki su suka fi shiga haɗari. Wanda ya ga jini a ƙarshen fitsari bayan wasu makonni ko watanni ya je asibiti, akwai maganinta. Mai farfaɗiya, mai ciwon zuciya, mai asma da mai tsohon ciki a san da su tun a aji, a tambaya a keɓe, ba a gaban jama'a ba.

Dattijo Ayuba: Gaskiya ne 'yata, shi ya sa da yawa suka koma kwarmin baftisma a harabar majami'a, ga kuma halin tsaro da ya sa fita daji da taro ba kamar da ba. Ga lissafi ga masu son ginawa. Tsawo mita 2.5, faɗi 1.2, zurfin ruwa mita 1, lita 3000 ke nan. Jarka mai lita 25 guda 120, in kurar mai ruwa tana ɗaukar goma, sawu goma sha biyu. Matakala ta kasance mai kaushi da abin riƙewa, tayil mai santsi ya sha kayar da mutane. A sa bututun zubarwa a ƙasa, a yi murfi mai nauyi da kwaɗo saboda yara, kada kuma a bar ruwa ya yi mako a ciki ya zama gidan sauro. Da hunturu kada a ruɗi kai da tukunya biyu ta ruwan zafi. Kafin ka ɗaga lita 3000 daga digiri 20 zuwa 25 sai ka zuba tafasasshe lita 200. Gara a cika da jajibere, a rufe da baƙar leda rana ta buga, a yi hidimar bayan sujada. Abu na ƙarshe, kuma a ja masa layi: makirufo mai waya ba ya zuwa hannun wanda ke cikin ruwa. Ko mara waya, ko wani ya riƙe daga nesa, ko fasto ya ɗaga murya.

Mama Saratu, Dogarawa: Ku maza kun gama da rami da lantarki, ba wanda ya tuna da sutura. Farin yadi in ya jiƙe ba ya ɓoye komai. A gaya wa mata tun mako biyu kafin ranar su sa riga mai kauri mai duhu da dogon wando a ciki, farin a sama, a ɗaure zani da igiya don ɗaurin hannu ba ya tsayawa a ruwa. Maza ma su sa singileti da gajeren wando mai duhu. 'Yan Zumuntar Mata biyu su tsaya a baki da babban zani a buɗe, tana fitowa a lulluɓe ta kafin ta taka tudu, wasu huɗu su yi katanga da zannuwa a wurin canza kaya. Masu ɗaukar hoto da waya a tsawata musu tun kafin a fara. Kuma a daina hana mace don tana al'ada, wannan ba wankan tsarki ba ne, ko da yake in ita ta nemi a ɗaga mata saboda jin daɗinta sai a ɗaga. Sannan masu zuwa da gora su ɗebi ruwan wai na magani ne, Rabaran ku riƙa faɗa daga bagade. Ruwan da aka gama da shi na ban ruwan fulawa ne.

Katikis Yohanna: Mama ta taɓo abin da ke rikita sababbin masu bi a ƙasarmu. Mun tashi cikin maƙwabta masu alwala da wanka, abin da ake maimaitawa duk lokacin da tsarki ya karye, sai mutum ya ɗauka baftisma ma haka take, in ya faɗi cikin zunubi ya zo a sake masa. Ba a sake haihuwar ɗa don ya yi laifi. Hanyar komowa ita ce tuba, horo in ya kama, sannan a maido shi teburin Ubangiji. Shi ya sa a tsofaffin majami'unmu kwanon baftisma yake kusa da ƙofa, sau ɗaya ake shigowa gida. Kuma kada Rabaran ya ɗauka mun yar da bangaskiya. Iyayen baftisma suna ƙin Shaiɗan da ayyukansa a madadin yaron, bisa tsohon tsari namiji maza biyu da mace ɗaya, mace mata biyu da namiji ɗaya, da alkawarin za su koya masa har ya tsaya gaban bishop ya ɗauki alkawarin da bakinsa. Inda muke kasawa, kuma laifinmu ne, shi ne zaɓen iyayen baftisma saboda aljihunsu, a ci shinkafa a watse, yaro ya kai ashirin bai san sunansu ba.

Rabaran Ishaku: Mu ma muna da namu. Ajin wata uku ko shida yakan koma haddar amsoshi, dattawa su tambayi Dokoki Goma da littattafai 66, yaro ya zuba kamar karatun allo, ba wanda ya tambaye shi yaushe ya san kansa mai zunubi. Wasu kuma kati suke nema don ɗaurin aure ya matso. Irin wannan da jaririn Baba Katikis ban ga wanda ya fi wani sani ba.

Iliya: Dattijon da ya tuba yana da mata biyu fa? Kuma dole ne a canza suna?

Malam Bitrus: Suna ba dole ba ne. Karniliyus ya fito ruwa yana Karniliyus, Lidiya tana Lidiya. Tun zamanin da ɗan mishan Dokta Miller ya zauna a birnin Zariya daga 1905, har mishan ta koma Wusasa, har Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa a 1932, Kiristocin Hausa suna amsa Audu da Tanko da Lami ba tare da bangaskiyarsu ta ragu ba. Mai so ya ƙara na Littafi, amma a rubuta shi daidai da na takardun makaranta, don bambancin suna tsakanin katin baftisma da sauran takardu yana jawo wahala daga baya. Maganar mata kuwa, taron bishop-bishop na Anglican a Lambeth a 1888 ya ce a bar mai mata da yawa a matsayin mai koyo, kada a yi masa. A 1988 taron ya sauya: a yi masa shi da matansa masu bi da 'ya'yansu, da sharaɗin ba zai ƙara aure ba muddin ɗayansu tana raye, jama'ar ikilisiyar wurin sun yarda, kuma ba za a tilasta masa korar kowa ba saboda halin da matan za su shiga. Sauran ikilisiyoyi kowace da tsarinta, a tambayi majalisar dattawa kafin a yi wa mutum alkawari.

Nas Hannatu: Rabaran, ga tawa. Tsoho ya shanye rabin jiki, yana kwance da robar fitsari, ya ba da gaskiya da bakinsa, yana roƙon baftisma. Katolika da Anglican sun san abin yi, ko ungozoma tana iya zuba ruwa sau uku da kalmomin in rai na hannun Allah, a kai rahoto a rubuta, in ya warke a cika sauran addu'o'in ba tare da sake ruwa ba. Ku fa?

Rabaran Ishaku: In yana iya zama, a ɗora shi a kujerar roba, maza huɗu su sauke shi da kujerar, a karkata ta baya. In likita ya hana, fastocinmu sun rabu. Wasu suna yi masa addu'a su tabbatar masa cetonsa bai rataya ga ruwa ba. Ni a ganina a zuba masa, a rubuta dalili a rajista. Mutumin da ya roƙi yin biyayya ba a mayar da shi hannu wofi saboda mita ɗaya ta ruwa.

Katikis Yohanna: Madalla! Ashe dai moɗa tana isa.

Rabaran Ishaku: Kada ka yi saurin guɗa, Baba. Na sassauta a kan yawan ruwa, ban sassauta a kan wanda ake zuba wa ba. Tsohon nan ya roƙa da bakinsa. Jaririnka barci yake yi.

Malama Rifkatu: To iyayena, me za a gaya wa yarinyar?

Malam Bitrus: A fara da abin da ita ta gaskata, ba abin da surukai ke so ba. In ta tabbata abin da aka yi mata a Wusasa baftisma ce, shiga ruwa don a rufe bakin dangi wasa ne da abu mai tsarki, kuma Rabaran ma ba zai so ya nutsar da wadda ke cewa a ranta wannan ba komai ba ne. Sai ta kawo katin baftisma da na tabbatarwa, fastoci biyun su zauna, a gaya mata a fili abin da tsarin sabuwar ikilisiyar ya ba ta da abin da ya hana ta, game da Jibi, zaɓe da riƙe muƙami. In kuwa ta yi nazari ta gamsu da koyarwar masu nutsarwa, ta je da ƙafarta ta gaya wa iyayenta da iyayen baftismarta kafin ranar, kada su tsinta a hoto. Kuma wannan zama kafin a sa ranar aure ya kamata a yi shi, ba bayan an kai amarya ba.

Katikis Mika'ilu: A ƙara da wanda katinsa ya ɓace. Kada a yi gaggawar kai shi ruwa. A rubuta wa majami'ar da aka yi masa a duba rajista, da sunan iyaye da shekarar haihuwa. In gara ta ci littafin, shaidar mutum ɗaya amintacce da ya halarta ta isa. Sai in babu rajista, babu shaida, sannan a yi ta sharaɗi, a keɓe ba taro: in ba a yi maka baftisma ba, ina yi maka.

Dattijo Ayuba: Sakatarorin majami'u kuma su daina rubuta rajista da biro mai ja, yana kodewa. Baƙin tawada, littafi mai bangon katako, a cikin akwatin ƙarfe a ɗaga shi daga ƙasa, kwafi na biyu a ofishin gunduma.

Rabaran Ishaku: Malama Rifkatu, ki ce musu su zo da katin ranar Talata bayan addu'ar safe. Baba Katikis, in ƙafarka ta bari kai ma ka zo, shayi a wuyana.